Daga Dami zuwa Mita: Tarihin Awon Makamashi a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Awon makamashi a Kafanchan da kewayenta ya bi matakai biyar cikin shekara ɗari da 'yan kai: damin itace da buhun gawayi, tan ɗin kwal na jirgin ƙasa, garwa da kwalbar kananzir, kilon gas ɗin girki, sai kuma mitar iskar gas da ke tafe a bututu. Kowane mataki ya ƙara nesanta haja daga idon mai saye. Itace ana ganinsa, a ɗaga a ji nauyinsa. Kananzir ana hango shi a cikin kwalba. Gas ɗin girki yana kulle a tukunyar ƙarfe, sai dai a girgiza a ji motsinsa. Iskar bututu kuwa a ƙarƙashin ƙasa take wucewa, ba mai ganinta. Duk lokacin da aikin ido ya ragu, sai ciniki ya ƙara jingina ga na'ura, da kuma hukumar da ke tabbatar da gaskiyar na'urar.

Zamanin ido da hannu

Kafin zuwan layin dogo, ƙasar da Kafanchan take a yau ƙasar Fantswam ce, kewaye da maƙwabta irin su Bajju da Atyap da Ham da mutanen dutsen Kagoro. Fatake suna yada zango a Zangon Kataf, masarautar Jama'a kuma tana kudu. Abin hura wuta a lokacin itace ne da kara, maƙera suna aiki da gawayi, fitila kuma ta man gargajiya ce da lagwanin auduga.

Awon wancan zamani na ido ne da hannu. Hatsi ana auna shi da ƙwarya ko mudu, itace da dami, ƙananan kaya kuma a kasa su kashi-kashi. Mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba, amma duk wanda ke cin kasuwar ya san nata. Mai saye yana tsaye ake cika masa mudu har ya yi tsororo, in ya ga an rage hannu ya yi magana, a ƙarshe ya nemi gyara. Tauye mudu babban abin kunya ne, har yau kuma masallatai da majami'un yankin suna wa'azi a kansa.

Ko a wancan lokacin girman dami bai isa shaida ba. Matar da ta san girki takan zaro ice ɗaya ta ƙwanƙwasa ta ji ko ya bushe, domin ɗanyen itace nauyi ne da hayaƙi kawai. Maƙeri yakan fi son gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa da daɗewarta. Wato abin da ake biyan kuɗi dominsa zafi ne, dami da buhu hanyar kimanta shi ne kurum. Wannan tambaya, ta yawan zafin da ke cikin abin da aka auna, ita ce ta sake dawowa a cinikin iskar gas na zamani.

Kwal da sikelin reluwe

An gano kwal a yankin Udi kusa da Inugu a 1909, saboda shi kuma aka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal, wanda ya isa Inugu a 1916. Daga nan layin ya miƙo arewa ta Makurɗi, ya ratso ta Kafanchan ya haɗe da na Legas zuwa Kano a Kaduna, a 1927 kuma aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya hau tudun Jos, inda ake haƙar kuza. Gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai ta kammala a 1932. Haka Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo daga kudu da arewa, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin a 1933.

Jiragen wancan zamani da tururi suke tafiya, abincinsu kwal ne da ruwa. Da su ne awon da ba ya sauraron ciniki ya shigo yankin. Kwal da tan ake lissafa shi, tan ɗin Ingila mai fam 2,240, wato kimanin kilo 1,016. Ana hawar da tarago kan babban sikelin da ke ƙarƙashin dogo, a rubuta nauyinsa da kaya, sannan a cire nauyin taragon kansa, wanda ke rubuce a jikinsa. Abin da ya rage shi ne nauyin kaya. Wannan ƙa'ida ta cire nauyin mazubi ita ce dai ake bi yau a shagon gas. Akawun tasha ba ya ba da gyara, ba ya kuma karɓar roƙo. Abin da allurar sikeli ta nuna shi yake shiga takarda. Manoman citta na Kachiya da Kwoi da Zonkwa su ma ta wannan hanya suka saba da sikeli, domin buhun da zai shiga jirgi sai an san nauyinsa.

Haƙar kwal a Najeriya ta kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da ake fitar da wajen tan 900,000 a shekara. Daga nan Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta fara sauya injinan tururi da masu shan dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya yanke hanyar kwal daga Inugu. Lissafin makamashin tasha ya tashi daga tan ya koma galan.

Garwa, kwalba da lita

Abin da ya shiga gidajen talakawa ta layin dogo shi ne kananzir. Yana zuwa ne cikin garwa mai galan huɗu, garwa biyu a akwatin katako ɗaya. Galan ɗin Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, saboda haka garwa tana cin kimanin lita 18. Idan kananzir ya ƙare, garwar takan zama mazubin ruwa ko man ja ko hatsi, har ta zama ma'auni mai zaman kanta a kasuwa. Daga gare ta ne masu sayar da ruwa suka samo sunan 'yan garuwa.

Mai saye ɗaya-ɗaya ba ya iya ɗaukar garwa, don haka kwalba ta zama ma'aunin unguwa: babbar kwalba, ƙaramar kwalba, rabin kwalba. Yaro ya zo da fitilar ƙwai ko kwalbar gidansu, mai tebur ta sa mazurari ta tsiyaya, su biyun suna kallon inda mai ya tsaya a wuyan kwalba. A nan ido yana da sauran aiki wajen yawa, amma ba ya gane algus. Kananzir ɗin da aka gauraya da fetur kamanninsa ɗaya da mai kyau, sai an kunna risho ko fitila ake sanin bambanci, a lokuta da dama bayan gobara ta riga ta tashi.

A farkon shekarun 1970 Najeriya ta bar ma'aunan Ingila ta koma tsarin kilo da lita da mita, kusan lokaci ɗaya da sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu 1973. Dokar awo da ma'auni ta 1974 ta ɗora wa jami'an ma'aikatar ciniki ta tarayya aikin duba sikeli da famfunan gidajen mai. Jami'i yakan zo da gwangwanin gwaji wanda aka tabbatar da cikinsa, a zuba masa mai daga famfo, a kwatanta da abin da allon famfon ya nuna. Idan ya yi daidai a ɗaure wurin gyaran da waya a buga hatimi. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda ta fara da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, ganga ɗaya kuwa kimanin lita 159 ce. Duk da haka tsohon awo bai mutu ba. Da zarar mai ya yi wuya, 'yan bumburutu sukan fito bakin titi da galan da jarka da kwalba.

Kilon gas ɗin girki

Gas ɗin girki ruwa ne da aka matse a cikin tukunya, haɗin sinadarai biyu da ake kira furofen da butan. Ana samunsa daga matatun mai da kuma masana'antun tace iskar gas. Shekaru da dama kayan gidan manyan ma'aikata ne. Kamfanin NLNG da ke Bonny, wanda ya fara fitar da gas ƙasashen waje a 1999, ya soma ware wa kasuwar cikin gida kaso a 2007. Da aka janye tallafin kananzir a 2016, farashinsa ya yi sama, gidaje da yawa suka ajiye risho suka sayi ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6, masu hali kuma mai kilo 12.5. Shagunan ɗura gas suka bazu a garuruwa irin su Kafanchan, Zonkwa, Kagoro da Kachiya.

Da kilo ake sayar da shi saboda ruwan gas yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, nauyinsa kuwa ba ya canzawa. Lita ɗaya ta asubahin hunturu ta fi lita ɗaya ta tsakar ranar bazara kaya, amma kilo kilo ne a kowane lokaci. Kilo ɗaya na gas ɗin girki ya ɗan kasa lita biyu.

A shago, mai ɗura gas yakan ɗora tukunyar mai saye a kan sikeli tukuna. A kafaɗar tukunya ko a jikin mariƙinta akwai lambar da aka buga a ƙarfe, ita ce nauyin tukunyar in ba komai a ciki. Idan lambar ta nuna kilo 8, sikeli kuma ya nuna 8.5, to akwai ragowar rabin kilo. Sai a haɗa tiyo, a buɗe, lambobin sikeli su riƙa hawa har su kai adadin da aka biya, a rufe, a shafa ruwan kumfa a bakin tukunyar a ga ko tana yoyo. Ba a cika tukunya maƙil. Ana barin wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na cikinta fanko domin ruwan ya sami wurin kumbura idan rana ta buge shi. Saboda haka gyara a wannan sana'a haɗari ce. Warin da ake ji kuma ƙara shi ake yi da gangan don a gane yoyo, gas ɗin kansa ba shi da wari.

Rigimar da ta fi yawa tsakanin mai shago da mai saye ba ta wuce uku: sikelin da aka taɓa, ragowar da ba a cire a lissafi ba, da tukunyar da ta ƙare kafin lokacin da uwargida ta saba. Na ukun ba kullum ne laifin sikeli ba, yakan zo daga yoyon tiyo ko kan murhu da ya toshe.

Wahalar auna iska

Iskar gas ta bututu daban take da gas ɗin girki. Mafi yawanta sinadarin mesen ne, wanda matsi kaɗai ba ya mayar da shi ruwa a zafin duniya. Sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, a lokacin ne yake tsukewa kusan sau 600. Don haka a bututu yana nan a matsayin iska, kuma da yawan wurin da ya cika ake auna shi. Ma'aunin shi ne ƙafa kubik, wato cikin akwati mai tsawon ƙafa ɗaya, faɗi ƙafa ɗaya, zurfi ƙafa ɗaya, ko kuma mita kubik, wadda ta kai ƙafa kubik 35 da ɗoriya.

Matsalar ita ce iska ba ta da girma guda. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka ninka matsin da ke kan iska, wurin da ta cika yakan ragu da rabi. Zafi kuma yana buɗa ta. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da ranar Maris mai digiri 35, iska ɗaya takan ƙara girma da kusan kashi 7 cikin 100. Tudu ma yana da tasiri. Kafanchan tana sama da mita 700 daga doron teku, nauyin iskar sama a can ya kasa na Legas da kimanin kashi 8 cikin 100, a Jos kuma ya fi haka raguwa. Mudu ɗaya na iska a Legas ya fi mudu ɗaya na iska a Kafanchan kaya. Shi ya sa aka tsayar da ma'auni na bai ɗaya: duk abin da mita ta karanta sai a mayar da shi lissafin yadda zai kasance a digiri 15 da matsin iskar bakin teku. Masu aiki da ƙafa kubik suna amfani da digiri 60 na ma'aunin Faranhait, wanda ya ɗan haura digiri 15 kaɗan.

Na'urar awon gas ta samo asali ne a Ingila, inda kamfanin farko na fitilun gas ya kafu a Landan a 1812. Da farko yawan fitilu da awannin kunna su ake lissafawa, abin da ya buɗe ƙofar gardama. A 1815 Samuel Clegg ya ƙera mita mai ganga da ke juyawa a cikin ruwa, kowane juyi yana wucewa da adadin gas sananne. A shekarun 1840 aka inganta busasshiyar mita mai jakunkunan fata biyu da ke cika suna zubarwa bi da bi, kamar zugazugin maƙeri, irinta ce har yau ke gidajen ƙasashen da gas ke shiga ta bututu.

Manyan bututu suna buƙatar wasu dabarun. Akwai faifan ƙarfe mai rami a tsakiya da ake sakawa cikin bututu; iska tana matsewa ta ramin, sai a auna bambancin matsi gaba da bayan faifan a gano yawan abin da ke wucewa. Akwai mai farfela da iska ke juyawa. Akwai kuma ta zamani mai aika sautin da kunne ba ya ji a karkace cikin bututu: sautin da ya bi iska yakan riga wanda ya yi gaba da ita isa, daga wannan tazara ake fitar da saurin gudu. A gefen kowace akwai ma'aunin zafi da na matsi, da kwamfutar da ke haɗa lissafi, da na'urar da ke ɗiban samfur ta tantance sinadaran da ke cikin iskar. Wannan ta ƙarshe ita ce ke amsa tambayar da maƙeri yake yi wa gawayi, domin a manyan yarjejeniyoyi da yawan zafi ake yanka farashi. Ƙafa kubik ɗaya tana ba da kimanin awo 1,000 na ma'aunin zafin da ake kira Btu.

Najeriya da bututun arewa

An sami ɗanyen mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Iskar da ke fitowa tare da man an daɗe ana ƙona ta a sararin Neja Delta, sau da yawa ba tare da mita ba, sai ƙiyasi. Dokar 1979 ta sa ranar 1 ga Janairu 1984 a matsayin ranar daina ƙonawa, amma ba a daina ba. Ƙa'idojin 2018 sun tilasta wa kamfanoni auna abin da suke ƙonawa, suka kuma sa tarar dala 2 kan kowace ƙafa kubik 1,000 ga masu haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana, da rabin dala ga waɗanda ba su kai haka ba. Tara irin wannan ba ta da ma'ana sai da mita mai gaskiya. Dokar masana'antar man fetur ta Agusta 2021 ta rushe DPR, tsohon sashen kula da harkar man fetur, ta raba aikinsa tsakanin hukumar NUPRC mai kula da haƙowa da NMDPRA mai kula da bututu da tacewa da sayarwa. Arzikin iskar gas da aka tabbatar a ƙasar ya haura ƙafa kubik tiriliyan 200.

Bututun gas na Najeriya galibi a kudu suka taru, irin na Escravos zuwa Legas da ya fara aiki a 1989. Wanda aka tsara don arewa shi ne na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, da ake kira AKK, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yuni 2020. Tsawonsa kilomita 614, faɗinsa inci 40, kuɗin da aka sanar dala biliyan 2.8, an kuma tsara shi ya ɗauki wajen ƙafa kubik biliyan 2 a rana. Ya taso daga jihar Kogi ya bi ta Abuja da jihar Neja ya shiga jihar Kaduna nesa da Kafanchan. A tsarinsa akwai tashoshi a Abuja da Kaduna da Kano inda za a rage matsi a auna iska kafin a miƙa ta ga masu saye. A irin wannan wuri kuskuren kashi ɗaya cikin 100 yana nufin ƙafa kubik miliyan 20 a rana guda, shi ya sa akan jera mita biyu ɗaya tana duba ɗaya, mai sayarwa da mai saye kuma su halarci gwajinsu tare kafin a buga hatimi.

Garuruwan da bututu bai bi ta kansu ba, irin su Kafanchan, hanyar da iskar ke iya isa gare su ita ce ta tirela, a matse cikin dogayen tukwane. Bayan janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da matsattsiyar iskar gas, wadda aka fi sani da CNG. Ana ɗura ta a tukunyar mota da matsin da ya kai sau 200 na iskar sama, ana kuma sayar da ita da mita kubik ta ma'aunin bai ɗaya. Direban da ya saba da lita ba shi da abin dubawa sai allon famfo da allurar matsi, allurar kuma takan ɗan sauka bayan tukunya ta huce ko da ba abin da ya fita.

A kasuwannin kudancin Kaduna a yau dukkan ma'aunan nan suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Itace da dami ake sayar da shi, gawayi da buhu ko leda, kananzir da kwalba, fetur da lita, gas ɗin girki da kilo. Uku na farko mai saye ne alƙalinsu. Lita da kilo da mita kubik kuwa gaskiyarsu tana rataye ne ga gwajin na'ura a kan kari, da hatimin jami'in awo, da kuma ma'aunin asali da ake kwatanta kowane sikeli da kowace mita da shi.